Keken ɗinkin Inna ya tafi a kilo

 Yau ba a gaban makirufo nake ba, zama na yi na rubuta, saboda maganar da ta taso a shirinmu na ranar Asabar minti goma ba su ishe ta ba. Har bayan isha'i saƙon murya yana ta shigowa, wasu na dariya, wasu na yi mini faɗa.

Ga waɗanda ba su ji ba, labarin wani dattijo na bayar, sunansa Lee Maxwell, a wani ƙaramin gari da ake kira Eaton cikin jihar Kolorado ta Amurka. Malamin jami'a ne a fannin lantarki. Da ya yi ritaya sai ya kama tara tsofaffin injinan wanki, yana bin gidaje da gonaki da wuraren gwanjo yana saye, ya kwance su, ya wanke, ya gyara har su tashi. Ya tara sama da 1,000, har sunansa ya shiga kundin Guinness. Ina gama faɗa sai wani bawan Allah ya bugo daga wajen Gangara ya ce: "Malama, mu da ko wutar ba mu gani ba, mi ya haɗa mu da injin wanki? Wanga dai ƙoshi ne ya yi mishi yawa." Wallahi ni ma dariya na yi, har mai kula da na'ura ya ɗago kai ya dube ni. Kuma mutumin yana da gaskiyarsa. Amma da na koma gida abin ya ƙi barin raina, domin dattijon can ya tuna mini da wani abu da muka yi a gidanmu, wanda har yau nake jin kunyarsa.

Bari na fara da abin da ke cikin rumbunan mutumin, don ba ƙarafa kawai ya jibge ba. Akwai na katako da ake juyawa da hannu, akwai waɗanda ake haɗawa da wani abin takawa a ɗora kare ko akuya su yi ta tafiya a kai suna juya shi. Akwai irin na farkon lantarki, kamar Thor da aka fara sayarwa a Shikago wajen 1908. Wanda ya fi burge ni shi ne na kamfanin Maytag, wanda a 1915 ya fito da injin wanki mai ɗan inji na fetur a gindinsa, domin matan ƙauyen Amurka na lokacin ba su da wuta, kamar dai Gangara ta mai kiran nan. Kowane inji dattijon yana neman shekararsa, da wanda ya ƙera shi, da takardar da hukuma ta ba maƙerin. Ya rubuta littafi a kai, kuma sunan littafin da kansa yana maganar ceton rayukan mata ne. Wato abin da yake tarawa shi ne tarihin yadda aka sauke wa mace kaya daga ka.

Wannan kuwa ko ba a karanta mini ba na san shi, hannuwana sun sani. Duk wadda ta tashi a ƙauyukanmu ta san ranar wanki. Tun kafin rana ta yi zafi kin je rijiya sau uku, sau huɗu. Ki jiƙa, ki saɓa Lavibel, ki cuɗa har yatsu su yi fari su yamutse, ki ɗauraye, fararen kaya ki sa musu bula, ki matse zannuwan gado ke da ƙanwarki kowa ta kama gefe. In lokacin ɗari ne, bayan hannu ya tsage, sabulu ya shiga ciki. Kakata tana ba mu labari cewa su a zamaninsu in babu sabulu saiwar aduwa ake dakawa ta yi kumfa, ko a tace ruwan toka. Wani likita ɗan Suwidin, Hans Rosling, ya yi wata lacca a 2010 inda ya ce cikin mutane biliyan 7 na duniya wajen biliyan 2 ne kaɗai ke da injin wanki, sauran da hannu suke yi. Mu muna cikin sauran. Ko a Yamai, duk wanda ya bi ta gadar Kennedy da safe ya ga masu wanki a bakin kogi da kayan da suka shanya. Yanzu ne ƴan injina masu baho biyu suka fara shiga wasu gidajen Maraɗi, su ma sai an ga wuta da ruwan pampo sun haɗu a rana ɗaya.

To tunda ba mu da tsohon injin wanki, shi ke nan ba mu da abin ajiya? A nan ne na rabu da mai kiran Gangara. Mu ma akwai ƙarafan da suka shigo garuruwanmu suka canza rayuwar iyayenmu mata. Injin niƙa na farko da ya shigo gari, wanda ya sa aka rage tashi da asuba ana daka. Pampon ƙafa na Vergnet da muke hawa muna tsalle muna yara, da na hannu India Mark II. Dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a bakin murfi. Da keken ɗinki.

Inna tana da keke, Singer baƙi mai zanen ruwan zinari, na takawa da ƙafa. Baba ne ya sayo mata shi da kuɗin gyaɗa tun ba a haife ni ba, kuma shi ma ba sabo ya saya ba, a hannun wani tela ya karɓa. Da keken nan aka ɗinka mini rigar da na fara shiga lakwal da ita. Da shi aka biya kuɗin littattafaina na kwaleji, domin duk azumi Inna ba ta barci, matan unguwa na kawo atamfa, fitilar ƙwai na gefenta. Ƙarar keken ita ce ke sa ni barci. Da idanunta suka yi rauni sai aka tura shi lungun ɗaki, aka ɗora masa kwanuka. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da hatsi ya ƙare ga damina ba ta kai ba, masu sayen tsohon ƙarfe suka biyo ta ƙofar gida da amalankensu. Ƙanena ya kwance kan keken da ƙafafunsa, aka rataya a sikeli, aka ba shi jika uku da ƴan canji. Ina Maraɗi aka yi, amma ba zan ɗora masa laifi ba, don ya kira ni kafin ya sayar, ni kuma ina sauri zan shiga shiri na ce masa: "Kai dai yi abin da ka gani." Da na zo gida na tambayi Inna, sai ta ce: "Ɗiyata, ai ya yi aikinshi." Ba ta ƙara ba. Amma na lura teburin katakon da aka bari ta hana a taɓa shi.

Daga baya na gano abin da na yi asara. Tsohon keken Singer irin na Inna yana da lamba da aka buga a jikinsa, a gaba ta hannun dama, kuma da lambar nan ana iya sanin shekarar da aka ƙera shi da masana'antar da ya fito. Kamfanin ya samo asali tun 1851. Yawancin waɗanda suka bazu a ƙasashenmu daga wata babbar masana'anta suka fito a Clydebank ta Sikotilan, wadda aka rufe a 1980, shi ya sa za ka ga harafin K a sunan samfurinsu, kamar 15K. Butterfly da ya cika shagunan telolinmu daga baya, na Shangai ta ƙasar Sin, a kan fasalin wancan aka yi shi. Da na ɗauki hoton lambar nan kawai, minti ɗaya, da yau na san ko keken Inna ya girmi Baba. Ban ɗauka ba. Ni da nake yini ina ɗaukar hoton kaina a situdiyo.

Kada wani ya ɗauka faɗa nake da ƴan jari-bola. Sana'a suke, kuma sana'a ce mai wuya, yara ne da yawa da ba su zauna suna roƙo ba. Ƙarfen da suke tarawa wani ya koma hannun maƙeranmu ya zama kalme da gatari da murhu, wani a loda shi a manyan motoci a tafi a narka. Garuruwanmu ma sun fi tsabta da su. Kuma wanda rumbunsa ya ƙare a watan bakwai, ba ni da bakin da zan ce masa ya rungumi tsohon ƙarfe ya bar yara da yunwa. Abin da ke damuna shi ne sikeli bai san bambanci ba. Ruɓaɓɓen kwano da injin ɓarar gyaɗa na zamanin kakanninmu, duk kilo ne. Kuma saurin da abin ke yi ya fi yadda muke zato. Ku duba bayan ɗakunanku, ku tuna abin da ke nan shekara goma baya, ku ga abin da ya rage.

Na ambaci injin ɓarar gyaɗa, bari na tsaya a kansa, don shi ne ya fi ba ni takaici. Yaran yanzu da yawa ba su san cewa ƙasar nan tamu, daga Gidan Rumji da Tibiri zuwa Caduwa, Agye da Gazawa har Tasawa, da gyaɗa ta yi suna ba. Gyaɗa ce kan gaba a abin da Nijar ke sayarwa waje kafin yuraniyom ya karɓe. A 1962 aka kafa SONARA domin cinikinta, a shekarar kuma aka kafa UNCC ta ƙungiyoyin manoma. Ana buɗe kasuwar gyaɗa bayan kaka, a auna, a ɗinke buhuna, a loda. Arzikin Alhazan Maraɗi da yawa daga nan ya faro, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, abin ya durƙushe. A tsakiyar wannan tarihin duka akwai wani ɗan inji mai sauƙi: rabin ganga mai raga a ƙasa, da mariƙi da ake kaɗawa gaba da baya, ɓawo ya fashe, ƙwaya ta zubo. Da shi aka biya haraji, da shi aka yi aure, da shi aka je Makka. Ɗan lakwal a Agye zai karanta sunan SONARA a littafi da Faransanci, ya haddace don jarrabawa, amma bai taɓa kama mariƙin nan ya ji nauyinsa ba. Ni ma haka aka koya mini tarihi a lise: na san injin tururi na Ingila da shekarunsa, ban san wanda ya kawo injin niƙa garinmu ba, alhali jikokinsa muna aji ɗaya da su.

Wani zai ce to duk wannan ƙauna ce ta abin da ya wuce, ba ta cika tiya. Bari mu zo inda ake cin abinci. Kun tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan takunkumin CEDEAO? Mu nan ba labari aka ba mu ba, layin da ke kawo wuta daga Katsina ta Gazawa yake shigowa kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Sai a watan Maris na 2024 aka maido. A watannin nan wa ya ci gaba da aiki? Telan da bai jefar da kekensa na ƙafa ba. Mai wanki da guga da ya ajiye dutsen gawayi a ƙarƙashin tebur. Na san tela a unguwarmu da ya cire ɗan motar lantarkin da ya ɗaura wa kekensa, ya nemo igiyar fata ya maida ta yadda take, ya yi ɗinkin makaranta da shi. Abokan sana'arsa masu sababbin kekuna suna zaune suna jiran janareto da fetur mai tsada. Tsohon keken nan babu abin da ke cikinsa da bakanike na kasuwa ba zai iya kwancewa ya gyara ba. Haka tsofaffin injinan niƙa irin Lista, masu ƙara kamar ana buga ganga a hankali, sun yi shekaru suna aiki saboda akwai mutanen da suka san cikinsu kamar tafin hannu. Mutanen nan suna tsufa. In inji ya tafi a kilo, wanda ya iya shi ba ya da abin da zai nuna wa yaro a kai, sanin ya bi ƙarfen.

Kuma kada mu yi nisa da zargin wasu, mu ƴan radiyo mun fi kowa laifi. A wani gidan radiyo da na taɓa yi wa aiki, da aka kawo kwamfuta sai aka kwashe injinan kaset da kwalayen kaset aka zuba a wani ɗaki mai yoyo. Cikinsu akwai hirarraki da tsofaffin da yanzu duk sun rasu. Da na koma neman wata hira bayan shekara uku, gara da ruwa sun gama da kwalayen, injin da zai karanta sauran kuma an ce an sayar. Mu da muke cewa mu ne muryar al'umma.

Abin da nake roƙo ba gidan tarihi irin na Boubou Hama da ke Yamai ba ne, wanda ke nan tun 1959, ko Gidan Makama na Kano. Mun san aljihun ƙananan hukumominmu, kuma akwai likita da lakwal da ke gaba a layi. Ɗaki ɗaya nake magana, ko rumfa mai ƙofa, a gidan magajin gari ko a wata kwaleji ko a fadar sarki. A ajiye guda ɗaya na kowane iri, ba ɗari ba. Dattijon Kolorado yana da fili da kuɗin fansho, mu guda ɗaya ya ishe mu. In mai abu yana cikin matsi, a biya shi abin da sikeli zai ba shi, a ɗora masa ɗan wani abu. Jika uku aka sayar da keken Inna. Akwai ƴan garinmu a Abijan da ke kashe fiye da haka a katin waya cikin mako. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke tara kuɗi don gyaran masallaci da maƙabarta, Allah ya saka musu, wannan ba zai gagare su ba.

Amma ajiye ƙarfe shi kaɗai ba ya isa, nan ne aikin dattijon can ya fi na mai tara tarkace. Inji ba tare da labarinsa ba, bayan shekara ashirin wani zai zo ya ce mi wannan ke yi a nan, ya kira masu amalanke. Dole a rubuta: na wane ne, daga ina ya sayo shi, Kano ko Katsina ko kantin Turawa a Maraɗi, da kuɗin mi, shekarar wace yunwa ko wane sarki, wa ke gyara shi in ya lalace. Tsofaffinmu ba sa riƙe shekara da lamba, amma ka ce wa tsohuwa "kafin Kunce ko bayansa?" yanzu za ta warware maka. Wannan aikin ƴan kwaleji za su iya shi a hutu guda, da waya da littafin rubutu, kuma na tabbata malamansu na tarihi za su yi murna. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, yadda mai abin zai iya sa a karanta masa ya ce a'a, ba haka aka yi ba.

Wasu za su ce mutanenmu ba su da wannan ɗabi'a ta ajiya. Ban yarda ba. Uwar da ta ajiye tasoshin aurenta shekara arba'in a jere, tana goge su duk sallah, ita za a koya wa ajiya? Kuma mu ne fa mutanen sassaben zamani. Da can manomi in ya zo sharar gona duk tsiron da ya gani sarewa yake, a ce gona ta yi tsabta. Daga shekarun 1980 aka fara barin ƴan tsiron gawo da kalgo da sabara ana yi musu aski, har ƙauyuka irin Ɗan Saga a nan Agye suka zama wurin da baƙi daga wasu ƙasashe ke zuwa kallo. Ba kuɗi aka zuba ba, hannu aka ɗaga daga sara, aka zaɓi abin da za a bari. Ido irin wannan nake so mu yi wa bayan ɗaki kafin amalanke ya iso.

Ga mai kiran Gangara, in kana karantawa ko an karanta maka: Baba, na ji maganarka, kuma ina nan ina jiran ranar da wuta za ta iso ku, matan gidanka su huta da cuɗa. Amma ka leƙa ɗakin tsohuwarka ka gaya mini abin da ka gani.

Sauran jama'a, wanda ke da tsohon keke, ko dutsen guga, ko injin gyaɗa, ko akwatin radiyo na zamanin da ake taruwa a saurara a dandali, ya ɗauki hotonsa, ya ɗauki hoton lambar da ke jiki in akwai, ya sa mai abin ta yi bayani da bakinta ko na minti biyu ne, ya turo ta lambar shiri da kuka sani. Zan riƙa sa muryoyin a iska ranar Asabar ɗaya bayan ɗaya, lambobin Singer kuma ni zan nemo muku shekarunsu. Ko kun yi niyyar sayarwa, ku ɗauki hoton tukuna.

Ni da kaina na fara da abin da ya rage. Jiya na sa ƙanena ya jawo ɗan aljihun teburin keken Inna ya ɗauko mini hoto. Akwai ƙoshiyar zare guda biyu, da ɗan mazubin mai da ya bushe, da allura a cikin takardarta, da wani guntun atamfa shuɗi da na gane nan take, na rigata ce ta shiga aji ɗaya. Inna ta ce in na zo ranar Juma'a za ta faɗa mini sunan telan da Baba ya saya a hannunsa, amma sai na zo da goro.